Waiwaye: Yadda ɗaga ƙafa kan wa'adin rahoto ya zama al'ada a tashoshin nukiliyar Amurka

Duk wanda yake leƙa gazet ɗin gwamnatin Amurka zai riƙa cin karo da wata irin sanarwa mai sa hamma, wai hukumar NRC mai sa ido kan harkar nukiliya ta ɗaga wa tashar kaza ƙafa, ba sai ta miƙa sabon rahoton kariya a ranar da doka ta yanka ba. Jin farko sai gaban mutum ya faɗi, nukiliya fa ake magana ba injin niƙa ba, ta yaya za a ce a jinkirta rahoto? To abun yana da tarihi, kuma rabinsa duk daga wata jimla guda ce da aka rubuta ba a yi dogon tunani ba a 1992.

Rahoton da ake magana kansa su ma'aikatan wajen FSAR suke ce masa. Kundi ne jibgege, mujalladi kan mujalladi, da kamfani yake miƙawa kafin a ba shi lasisin kunna tukunyar nukiliya. A ciki ne ake bayanin komai, famfon ruwan sanyaya nawa ne, janareton ko ta kwana ina yake, in bututu kaza ya fashe me zai biyo baya, girgizar ƙasa mai ƙarfin nawa ginin zai jure. Hukuma tana karanta wannan ne ta ce to mun yarda. Matsalar ita ce a shekarun farko, zamanin tsohuwar hukumar AEC da ma bayan da NRC ta gaje ta a 1975, ba wata doka da ta tilasta a riƙa sabunta kundin. Tasha tana aiki ana canja bawul ana ƙara waya ana cire wancan, kundi kuwa yana nan yadda aka rubuta shi tun ranar farko, kamar taswirar gidan da aka ƙara wa ɗakuna biyu aka toshe ƙofar baya amma takarda na nuna yadda magini ya zana tun asali.

A 1980 ne, shekara guda bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island na watan Maris 1979, dokar sabuntawa ta fara aiki, ita ce sashe na 50.71(e) a kundin dokokin hukumar. Aka ce kowa ya gyara nasa cikin wata 24, daga nan kuma duk shekara. Kamfanoni suka yi ta ƙorafi, kuma gaskiya suna da hujja, domin manyan gyare-gyare ba kullum ake yinsu ba, sai lokacin da aka kashe tukunya don sauya sandunan makamashi, wanda yawanci duk wata 18 ne ko 24. Rahoton shekara-shekara sai ya zama wani zubin ba abun kirki da za a saka ciki.

Shi ne a 1992 hukuma ta ce bari ta rage musu nauyi. Sabuwar jimlar ta ce a miƙa duk shekara, ko kuma wata shida bayan kowace kashewar sauya makamashi, muddin tazarar ba ta wuce wata 24 ba. Ga tasha mai tukunya ɗaya wannan daidai ne, ba matsala. Amma wanda ya rubuta kamar ya manta cewa tashoshi da yawa tukunya biyu ko uku ne a fili ɗaya kuma kundi ɗaya suke amfani da shi gaba ɗayansu.

Ɗauki Palo Verde da ke hamadar Arizona. Tukunya uku ne, kowacce tana zagayen wata 18, kuma ba a kashe su tare, ana jera su ne ta yadda kusan duk wata shida akwai guda da ke kashe, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen ƙarshenta. In ka bi jimlar 1992 harafi da harafi, ko dai su koma tsohon tsarin shekara-shekara, ko su riƙa miƙa kundi duk wata shida, wato dokar da aka yi don sauƙi ta ninka musu aiki. Injiniyoyi ba su gama tattara gyaran tukunya ta ɗaya ba an kashe ta biyu.

Mafitar da aka samu ita ce sashe na 50.12, ƙofar da doka ta bari don neman togiya. Sharuɗɗansa a bayyane suke: kada abun ya saɓa wa doka, kada ya jefa lafiyar jama'a cikin haɗarin da bai kamata ba, kada ya taɓa tsaron ƙasa, sannan dole a nuna akwai wani yanayi na musamman, misali cewa bin dokar a wannan wajen ba zai cimma manufar da aka yi ta dominta ba. Da wannan hujjar ta ƙarshe kamfanoni suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su Duke da TVA da Southern Nuclear da sauransu, ana ce musu to ku ɗaure wa'adinku da tukunya guda ko da wata tsayayyar rana, amma wata 24 ɗin nan ba a tsallake shi. Har cikin shekarun 2020 ana buga irin wannan sanarwar. Ni dai a nan nake ganin laifin hukuma, ba wai an saka kowa a haɗari ba, a'a, amma jimlar da kowa ya san ta karkace a bar ta shekaru kusan talatin ana bi tasha tasha ana faci, lauyoyi na rubuta takarda ma'aikata na dubawa, ai wannan ɓata lokaci ne kawai.

Kada kuma wani ya ɗauka kundin nan takardar ofis ce kawai. A 1992 ɗin dai, wani injiniya mai suna George Galatis a tashar Millstone da ke Connecticut ya lura cewa duk lokacin sauya makamashi a tukunya ta ɗaya, ana kwashe sandunan ciki kaf a zuba su cikin tafkin sanyaya, alhali lissafin da lasisinsu ya ginu a kai kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na sandunan ya ɗauka a matsayin aikin yau da kullum, kuma ba a jiran sandunan su huce iya lokacin da aka ƙayyade. Shekara da shekaru ana haka saboda yana rage kwanakin da tasha ke zaune ba ta samar da wuta. Ya yi magana a cikin gida ba a ji ba, ya kai hukuma ita ma ta yi ta jan ƙafa, sai da mujallar Time ta saka maganar a bangonta a watan Maris 1996 sannan ido ya buɗe. Tukunya ukun Millstone duk suka zauna a kashe, a Oktoban shekarar hukuma ta rubuta wa duk masu lasisi a ƙasar su rantse cewa abun da ke ƙasa ya yi daidai da abun da ke takarda, kamfanin Northeast Utilities ya sha tarar dala miliyan 2.1, tukunya ta ɗaya kuwa ba ta sake tashi ba. A Millstone ba ranar miƙawa aka saɓa ba, kundin da tashar ne suka raba hanya kowa na kallo.

Saboda irin haka ne masu adawa da nukiliya ba sa yarda da kalmar togiya ko kaɗan, kuma ba duka togiya ce ta wa'adi ba. A 2007 an yarje wa Indian Point da ke jihar New York ta yi amfani da rufin waya mai jure gobara na minti 24 a wani waje maimakon awa ɗaya da doka ta ce, har wani ɗan majalisar jihar, Richard Brodsky, ya kai ƙara yana cewa ba a ji ta bakin jama'a ba. Wannan daban, wancan daban, amma ƙofa ɗaya suke bi.

Kashi na biyu na labarin ya fi ban dariya. Bayan dokar makamashi ta 2005 da ta yi alƙawarin tallafi, kamfanoni suka yi rububin neman lasisin gina sababbi, tsakanin 2007 da 2009 takardu 18 suka shiga na tukunya 28. Doka ta ce duk mai takarda a gaban hukuma ya sabunta kundinsa duk shekara. Sai tattalin arziki ya karye a 2008, gas ya yi arha takyaf saboda sabuwar hanyar haƙo shi, hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan ya zo a 2011 ya ƙarasa sanyaya gwiwa. Entergy ta ce a dakatar da duba takardun Grand Gulf 3 da River Bend 3, Ameren ta dakatar da Callaway 2, haka TVA da Bellefonte 3 da 4, daga baya Luminant da Comanche Peak 3 da 4. An dakatar amma ba a janye ba, don haka wa'adin shekara na nan yana zagayowa kan tukunyar da ko tubali ɗaya ba a aza ba.

Me za a sabunta a kundin abun da babu shi, kuma wa zai karanta tunda hukumar ma ta ajiye fayil ɗin? Sai suka riƙa neman ɗaga ƙafa, a ba su, wa'adi ya cika su sake dawowa a sake ba su, da sharaɗin cewa ranar da suke son a ci gaba da duba takardarsu sai sun fara kawo sabon kundi. Yawancinsu ranar ba ta zo ba. Ameren ta janye Callaway 2 a 2015, Entergy ta janye nata, TVA ta bi sahu a 2016. Cikin tukunya 28 ɗin nan huɗu kawai aka fara ginawa da gaske, biyu na V.C. Summer a South Carolina aka watsar da su a 2017 bayan kamfanin Westinghouse da ke gina su ya durƙushe, biyu na Vogtle a Jojiya kuma suka fara ba da wuta a 2023 da 2024.