Makarantar Kurame ta Ashanti da ke Jamasi: Ɗalibanta da Sakamakon Karatunsu

Makarantar Kurame ta Ashanti makarantar kwana ce ta gwamnati da ke garin Jamasi, a gundumar Sekyere ta Kudu, kan hanyar da ta tashi daga Kumasi zuwa Mampong ta Ashanti. Tana ƙarƙashin Sashen Ilimi na Musamman na Hukumar Ilimi ta Ghana, kuma tana karantar da yara maza da mata tun daga ajin reno har ƙaramar sakandare, tare da koyar da sana'o'in hannu. Ita ce makarantar kurame ta gwamnati mafi kusa da Kumasi, don haka can ne iyaye mazauna birnin suke dosa, har da na unguwannin zango irin su Aboabo, Asawase da Sabon Zango, idan ɗansu ba ya ji.

Karatun kurame a Ghana ya faro ne a 1957, lokacin da Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka mai aikin mishan, ya buɗe makaranta a unguwar Osu da ke Accra, wadda daga baya ta koma Mampong-Akuapem. Daga maganar hannun da ya zo da ita daga Amurka yaren kurame na Ghana ya samo tushe, shi ya sa ya bambanta da maganar hannu ta kuramen Kano. An kuma yi shekaru da dama ana tilasta wa yaran karanta leɓe da furta kalmomi, ana hana su amfani da hannu a aji, kafin a dawo kan yaren hannun. Dokar naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa iyaye sa yaro mai naƙasa a makaranta, ta kuma ɗora wa gwamnati ba shi ilimi kyauta.

Su wane ne ɗaliban

Ɗaliban sun fito daga ƙabilu da addinai daban-daban: 'ya'yan Asante, 'ya'yan zango masu jin Hausa a gida, da 'ya'yan mutanen arewacin ƙasar da ke zaune a kudu. Wasu an haife su da kurumta, wasu kuma sun rasa ji ne bayan rashin lafiya kamar sanƙarau, ƙyanda, hangum ko ciwon kunne da ba a yi magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da ake iya kiyayewa.

Abin da ya fi muhimmanci a sani game da waɗannan ɗalibai shi ne cewa, a duniya baki ɗaya, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Ma'anar wannan ita ce yaron yana tashi a gidan da babu mai iya yarensa. Uwa da 'yan'uwa sukan ƙirƙiro 'yan alamu na ci da sha da aike, amma waɗannan ba su kai harshen da za a ba da labari ko a yi tambaya da shi ba. Sau da yawa ba a gane matsalar sai yaro ya wuce lokacin fara magana, sannan a shafe shekaru ana neman magani, ana sa ran bakinsa zai buɗe. Kafin a kai shi Jamasi ya girmi ajin da za a sa shi, kuma abin da zai fara koya a can ba karatu ba ne, harshe ne. Saboda haka a makarantun kurame ba abin mamaki ba ne a ga saurayi ko budurwa a ajin firamare.

Ga ɗan zango akwai ƙarin nauyi. Sa'anninsa suna zuwa makarantar allo suna koyon karatu ta hanyar ji da maimaitawa, hanyar da a rufe take gare shi, kuma wasu iyayen ba sa sakin jiki da tura ƙaramin yaro, balle yarinya, makarantar kwana a wajen gari. Wannan damuwa ce ta gaskiya da ta cancanci a saurare ta, sai dai kowace shekarar da aka jinkirta daga lokacin koyon harshen yaron ake cire ta.

Sakamakon karatu

Babban ma'aunin ƙwazo shi ne jarrabawar BECE, wadda hukumar WAEC ke shiryawa a ƙarshen ƙaramar sakandare. Ana ba da maki daga 1 zuwa 9 a kowane darasi, 1 ne mafi kyau, sannan a haɗa darussa shida: Turanci, lissafi, kimiyya, nazarin zamantakewa da wasu biyu da ɗalibi ya fi ƙoƙari a cikinsu. Kurame suna zana jarrabawa ɗaya da sauran yara, tare da ƙarin lokaci, kuma sakamakon makarantunsu ya daɗe yana ƙasa da na makarantun masu ji.

Dalilin ba ƙarancin basira ba ne. Tambayoyin da Turanci ake rubuta su, harshen da ɗalibin bai taɓa jin sautinsa ba, kuma nahawunsa ya sha bamban da na yaren hannu, wanda ke da nasa tsarin jimla. Yaron da ya fahimci lissafi sarai yana iya faɗuwa saboda bai gane abin da doguwar tambaya ke nema ba. Ga kuma batun malamai: Jami'ar Ilimi ta Winneba ce ke horar da malaman ilimi na musamman, amma akan turo wasu malaman zuwa makarantun kurame ba tare da sun ƙware a yaren hannu ba, har sai sun koya daga ɗalibansu. Kalmomin kimiyya da dama ma ba su da alamar da kowa ya amince da ita, sai malami ya riƙa harhaɗa su da yatsu harafi bayan harafi, abin da ke cin lokacin darasi.

Wanda ya ci jarrabawa yakan wuce babbar sakandaren fasaha ta kurame da ke Mampong-Akuapem a jihar Gabas, wadda bai kamata a rikita ta da Mampong ta Ashanti ba. Shekaru masu yawa ita kaɗai ce irinta a ƙasar, don haka gurbin shiga kaɗan ne. Sauran sukan kama ɗinki, kafinta, gyaran gashi ko aikin fata, a makarantar ko a wurin maigida a Kumasi. Manufar ilimin bai-ɗaya da Ghana ta ɓullo da ita a 2015 ta ce a karantar da yara masu naƙasa a makarantun unguwarsu, amma ga kurma hakan ba ya aiki sai an sa masa tafinta a aji, kuma tafintocin ba su wadata ba.