Sauya Tsarin Kyamara da Zaɓen Kayan Ɗaukar Hoton Tsuntsaye

Tsarin kyamara shi ne gangar kyamarar, wadda 'yan sana'a ke kira bodi, haɗe da duk abin da ke aiki da ita: lensi, wato bututun gilasan da ake ɗaurawa a gaba, da batir, da katin ajiya, da fitilar filashi. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne bakin da lensi ke shiga, domin kowane kamfani da irin nasa. Sauya tsari kuwa shi ne barin wani baki a koma wani, ko daga wannan kamfani zuwa wancan, ko a cikin kamfani ɗaya daga tsohon baki zuwa sabo. Masu hoton tsuntsaye sun fi kowa jin jiki a wannan sauyi, saboda yawancin kuɗinsu yana cikin dogon lensi ne, ba cikin bodi ba. Bodi kan tsufa cikin 'yan shekaru, amma lensi mai kyau sai ya ci bodi uku yana nan daram.

Daga mai madubi zuwa marar madubi

Kyamarar DSLR tana da madubi a ciki wanda ke tura haske zuwa tagar leƙe, ya ɗaga duk lokacin da aka danna. Sony ta fitar da A7, marar madubi mai babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, a 2013, sannan A9 a 2017. Nikon da Canon suka biyo baya a 2018 da sababbin bakunansu, Z da RF. Tun daga nan sababbin dogayen lensi kusan duk na waɗannan bakuna ne, tsofaffin kayan F na Nikon da EF na Canon kuma suka cika kasuwar na-hannu.

Abin da ya ja masu tsuntsaye ba cire madubin ba ne shi kansa, fokas ne, wato saita lensi har abin da ake ɗauka ya fito tsaf. Sabuwar kyamara tana gane siffar tsuntsu, ta kama idonsa, ta bi shi ko'ina a cikin firam. Tana ɗauka shiru ba tare da ƙarar da ke korar tsuntsu ba. Wasu ma suna ajiye hotunan ɗan lokacin da ya gabaci danna maɓalli, dabarar da Olympus ta yi suna da ita, wadda ke kama daidai lokacin da tsuntsu ya bar reshe. Sai dai ɗaukar shiru tana da aibu idan sensa tana jinkirin karanta hoto daga sama zuwa ƙasa: fiffiken da ke kaɗawa da sauri sai ya fito a lanƙwashe, itatuwan baya kuma su karkace idan ana bin tsuntsu da kyamara. Sensa mai saurin karatu, irin ta Sony A1 ko Nikon Z9 da Z8 ko OM-1, ta kusa kawar da wannan. A Canon R7 ana ganinsa ƙarara, don haka a bar ɗaukar shiru a koma labulen ƙarfe, wanda ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, idan tsuntsu na tashi.

Lissafin nisa da girman sensa

Girman tsuntsu a kan sensa yana da lissafi mai sauƙi: tsawon lensi, wato lambar mm da ke rubuce a jikinsa, sau tsawon tsuntsu, a raba da nisansa. Kurciya mai santimita 25, tana nisan mita 20, lensin 400mm zai zana ta milimita 5 kacal. Babbar sensa faɗinta milimita 36, ke nan kurciyar ta ci kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin hoto. Da 600mm za ta kai milimita 7.5. A ɗora wannan lensi a kan ƙaramar sensar Canon mai faɗin milimita 22 da 'yan kai, sai ta cika sulusin firam. Shi ya sa ake ɗaukar 400mm a matsayin mafi ƙaranci, 500 zuwa 600 kuma a matsayin na yau da kullum.

Ƙaramar sensa ba ta ƙara wa lensi tsawo, gefen hoto kawai take yankewa. Ana lissafa yankan da 1.5 a Nikon da Sony, 1.6 a Canon, 2 a OM System da Panasonic na Micro Four Thirds, wato a ninka tsawon lensi da wannan lamba a samu kwatankwacinsa a babbar sensa. Ribar tana wajen cunkoson fiksel, ɗigogin da ke haɗa hoto. R7 tana zuba megafiksel 32.5 a wannan ɗan fili, alhali idan aka yanke hoton Canon R5 mai babbar sensa da megafiksel 45 zuwa girman nan, wajen 17 ne ke saura. Hasarar kuma tana wajen duhu, inda ƙaramar sensa ta fi saurin yin yashi-yashi.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce a Legas. Wanda ya saba da Hadejia da Nguru, inda kirinjijiya da dinya ke kwance a sarari rana ta haske su, zai tarar da wani abu dabam a Lekki Conservation Centre, dajin fadama mai hekta 78 da Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990. A ƙarƙashin itatuwan nan ko da hantsi haske kaɗan ke sauka. Tsuntsun da ke zaune yana son gudun labule, wato lokacin da labulen ke buɗe, wajen 1/500 na daƙiƙa, mai tashi kuma 1/2000 zuwa 1/3200. Lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske ta lensi, idan ta hau ƙofar ta ƙuntata, sai a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, wanda ke ƙara yashi-yashi: idan a f/5.6 ana buƙatar ISO 3200, a f/8 sai 6400, a f/11 sai 12800. Lensin Canon RF 600mm da 800mm masu f/11, waɗanda suka fito a 2020, suna da araha da rashin nauyi, kuma suna aiki sosai a kan balbela da zalɓe a bakin tafkin Legas ko shirwa a sararin sama lokacin rani. A cikin dajin Lekki, wajen cilakowa ko ragon maza da ya maƙale cikin ganye, wahala kawai za su ba mai su.

Lensi kafin bodi

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a fara zaɓen lensin da aljihu da kafaɗa za su iya ɗauka, sannan a nemi bodin da ke shiga bakinsa. A matsakaicin farashi kamfanonin uku suna da abin da ya yi kusa da juna. Sony tana da 200-600mm f/5.6-6.3 na 2019, nauyinsa ya ɗan haura kilo 2. Nikon tana da 180-600mm mai irin wannan ƙofar haske, na 2023, shi ma wajen kilo 2. Duka biyun ba sa miƙewa idan ana zuƙowa, abin da ke rage shigar ƙura da laima. Canon tana da 100-500mm f/4.5-7.1 mai kusan kilo ɗaya da rabi, da 200-800mm f/6.3-9. Manyan lensin 600mm f/4 sun kai kilo 3, kuɗinsu kuma kuɗin mota ne.

Kilo biyu ba ya tsorata kowa a shago. A riƙe shi a ɗage minti uku ana jiran tsuntsu ya juyo da kai, a nan ake sanin nauyinsa. Gadar sama ta Lekki mai tsawon mita 401 tana lilo da kowane taku, hanyar katakon da ke ƙasa ma tana girgiza idan mutane na wucewa, saboda haka sanda mai ƙafa uku ba ta da wani amfani a kansu. Lensin da hannu zai iya riƙewa, mai na'urar rage rawa, shi ya dace da wurin.

Gilashin ƙari, wanda ake sakawa tsakanin bodi da lensi, yana ninka tsawo da 1.4 ya cinye rabin haske, ko da 2 ya cinye kashi uku cikin huɗu. A kan lensin f/4 ciniki ne mai kyau. A kan f/6.3 ya kai mutum f/9, fokas kuma ya fara laluben hanya. A 100-500mm na Canon ba ya ma shiga sai an zuƙo zuwa 300mm.

Adafta

Ba kowane sauyi ne ke tilasta sayar da lensi ba. Tazarar da ke tsakanin baki da sensa milimita 46.5 ce a Nikon F, 44 a Canon EF, amma 20 ce a RF, 18 a Sony E, 16 a Nikon Z. Adafta zobe ce da ke cike wannan giɓi ta kuma isar da saƙon lantarki. Wannan ne dalilin da tsohon lensi ke hawa sabuwar kyamara, sabon lensi kuwa ba ya hawa tsohuwa.

A cikin gida ɗaya adafta ba ta da matsala. Lensin EF a kan bodin RF yakan ma fi yadda yake a da daidaita fokas, domin yanzu a kan sensar kanta ake aunawa. FTZ ta Nikon tana tafiyar da lensin da ke da injin fokas a cikinsa, irin su 200-500mm f/5.6 da 500mm f/5.6 PF, amma tsofaffin AF-D da bodi ke juyawa da sukuru sai dai a saita su da hannu. Tsakanin kamfanoni biyu ne abin ke tangarɗa. Zoben Sigma MC-11 yana ɗora lensin bakin EF a kan Sony, ya wadatar ga tsuntsun da ke zaune, amma ba abin dogaro ba ne ga tsattsewa a sama. Sony kuma tana tsayar da lensin wasu kamfanoni a hoto 15 cikin daƙiƙa, ko da bodin zai iya fin haka.

Kuɗin da ba a lissafawa

Batir ba ya ƙetare kamfani: Canon na amfani da dangin LP-E6, Nikon EN-EL15, Sony NP-FZ100. Ko a gida ɗaya, R5 Mark II ba ta sakin duk ƙarfinta sai da sabon LP-E6P. Marar madubi ta fi cin batir tunda tagar leƙenta ƙaramin allo ne, don haka fitar yini ɗaya tana son biyu ko uku, kuma inda wuta ba ta da tabbas, bodin da ke caji ta USB-C daga fawa-banki ya fi sauƙi. Katin CFexpress iri biyu ne, B na Nikon da Canon, A na Sony, ba sa shiga ramin juna. Tsohuwar manhajar gyaran hoto na iya ƙin buɗe sabon fayil.

Akwai kuma abin da hannu ya saba. Zoben zuƙowa na Nikon da na Canon suna juyawa ne saɓanin juna, haka ma ɗaura lensi. Makonnin farko bayan sauyi hotuna kan lalace fiye da da, wasu har su yi zaton sun yi asara. Kafin a sayar da komai ya kamata a duba hotunan da suka ɓaci a gano cutarsu. Idan komai ya yi dishi-dishi, gudun labule ne ya yi ƙasa. Idan reshe ya fito tsaf tsuntsu bai fito ba, fokas ne, kuma a nan sabon bodi zai taimaka. Idan an ɗauka da tsakar rana ta kan ruwa ko yashi mai zafi, iskar da ke rawa ce ta narkar da hoton, ko hazon hunturu ya dushe shi, kuma babu kyamarar da ke maganin wannan sai matsowa kusa da fita da sassafe. Nikon D500 ta 2016 da Canon 7D Mark II ta 2014 suna ɗaukar hoto 10 cikin daƙiƙa, har yau kuma suna biyan buƙatar mai koyo.

Sayen na hannu da yaƙi da laima

Kaya da yawa a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba tokumbo ne. Wajen duba lensi, a cire murfin gaba da na baya, a buɗe ƙofar haske, a haska tocilan waya ta baya a karkace ana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare fari mai kama da saƙar gizo da ya taso daga gefe kuwa fumfuna ce, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashi, wankewa ba ta mayar da shi. A ɗora lensin a kan bodi, a sa shi ya yi fokas daga kusa zuwa nesa sau da yawa ana sauraron ƙara, sannan a ɗauki hoton bango mai rubutu a duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar ya taɓa faɗuwa. A bodi a duba adadin dannawa. An ƙiyasta wa labulen D500 da na 7D Mark II 200,000. Katin ajiya na jabu yana nuna girman da ba shi da shi, sai an cika shi a kwamfuta an sake karantawa asirinsa ke tonuwa. A kuma tambayi masu gyara irin kayan da suke samun sassansa a gari, domin bodin da sai an aika waje kafin a gyara zai iya cinye kakar tsuntsayen ƙaura, Oktoba zuwa Maris, yana hanya.

Laimar iskar Legas takan haura kashi 80 cikin 100 da damina, kuma jakar kyamara a rufe cikin kabad ita ce gonar fumfuna. Ana ajiye kaya a akwatin busarwa mai lantarki, a tsayar da shi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Inda babu, robar abinci mai rufewa ruf da ƙullin silika da ɗan ma'aunin laima sun isa, muddin ana busar da silikar idan launinta ya sauya. Kyamarar da ta fito daga mota mai sanyin AC zuwa iskar Lekki takan yi gumi nan take, gilashi ya yi fari fat, ciki da waje. A bar ta cikin jaka a rufe minti 15 zuwa 20 ta ɗauki zafin waje, ko a kashe AC tun kafin a iso. Bayan fita bakin teku, kamar Tarkwa Bay ko Badagry, a goge jikin kayan da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi saboda gishiri. Da hunturu kuma ba a cire lensi a fili sai dole, a kashe kyamarar tukuna, a kifa bakinta ƙasa, tunda a marar madubi babu abin da ya tsaya tsakanin sensa da ƙura sai a bodin da ke rufe ta idan an kashe.