Daga NDA zuwa Bayis Admiral: yadda doka ta tsara hawan babban hafsan sojan ruwa a Najeriya

Duk lokacin da shugaban ƙasa ya canza manyan hafsoshin tsaro sai ka ga muhawara ta ɓarke a Facebook, wasu na cewa ai wane ɗan gata ne an tsallake manyansa an ba shi, wasu kuma na tambaya wai ya za a yi Bakano ya shugabanci sojan ruwa alhali Kano ko teku babu. To bari mu bi abin daki-daki, domin akwai abin da doka ta rubuta, akwai kuma abin da al'adar bariki ce kawai, kuma mutane na yawan cakuɗa su.

Ƙofar shiga dai ita ce ta fara raba makoma. Wanda zai kai ƙololuwa kusan kullum ta NDA yake shiga, wato makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a 1964, ya yi shekara 5 yana karatun digiri haɗe da horon soja, kuma 'yan ɓangaren ruwa sukan ƙarasa horonsu a kwalejin sojan ruwa da ke Onne a jihar Ribas. Ana ɗiban yaran ne jiha-jiha, saboda sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole rundunonin ƙasa su ƙunshi kowane ɓangare na tarayya, wannan ita ce amsar masu maganar teku. Akwai wata ƙofar ta masu digiri, likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da sauransu, waɗanda ake ba horo na 'yan watanni a ba su muƙamin hafsa na gajeren zango. Su ma hafsoshi ne cikakku kuma suna hawa sosai, amma a al'ada ba daga cikinsu ake fitar da shugaban runduna ba.

Ranar da yaro ya shiga NDA ake manna masa lambar kwas, kuma wannan lambar za ta bi shi har ranar ritaya. Ɗan kwas na 36 babba ne a kan ɗan kwas na 39 ko da kuwa na 39 ɗin ya girme shi a haihuwa. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Muƙaman kuwa haka suke hawa: Sab-Laftanar, Laftanar, Laftanar Kwamanda, Kwamanda, Kyaftin, Kwamado, Riya Admiral, Bayis Admiral, sai Admiral. Inda 'yan jarida ma ke yin tuntuɓe shi ne Kyaftin, domin Kyaftin na ruwa daidai yake da Kanar a sojan ƙasa, ba ƙaramin hafsa ba ne ko kaɗan, shi kuma Kyaftin na ƙasa Laftanar na ruwa ne tsaransa. Kwamado tauraro ɗaya kamar Birgediya, Riya Admiral biyu kamar Manjo Janar, Bayis Admiral uku kamar Laftanar Janar. Tauraro huɗu galibi sai wanda ya zama babban hafsan tsaro na ƙasa baki ɗaya, irin su Admiral Ibrahim Ogohi da ya zama sojan ruwa na farko da ya riƙe kujerar a 1999, da Admiral Ola Sa'ad Ibrahim a 2012.

Takardun da ke mulkin wannan tafiya guda uku ne, tsarin mulki a sama, sai Dokar Rundunonin Soja da ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, sai kuma littafin sharuɗɗan aiki da sojoji ke kira HTACOS wanda ya haɗa ƙasa da ruwa da sama a ƙa'ida ɗaya. An yi masa gyara a 2017, Tinubu kuma ya sa hannu a kan sabo a ƙarshen 2024. Shi wannan littafin ne ke faɗin shekarun da za ka yi a muƙami kafin a duba ka, da jarrabawar da za ka ci, da shekarun haihuwar da idan ka kai su kana kan muƙami kaza to sai gida. A ƙananan muƙamai abin kusan lissafi ne, ka cika shekarunka, ka ci jarrabawa, fayil ɗinka ba tabo, ka wuce. Amma daga Kwamanda zuwa sama labari ya canza, gurabe sun yi kaɗan, kwamitin ƙarin girma ne zai zauna ya jera ku ya zaɓa, sannan majalisar gudanarwar rundunar ruwa ta amince kafin a sanar, yawanci wajen ƙarshen shekara. Wanda aka tsallake shi sau da yawa har damarsa ta ƙare, ko shekaru suka cim masa, takardar ritaya ce za ta same shi ko da bai yi laifin komai ba.

Kwasa-kwasai su ne tikitin. Jaji, wato kwalejin horar da manyan hafsoshi da aka kafa a 1976, sau biyu ake zuwa, ƙaramin kwas sannan babba. Daga baya akwai kwalejin yaƙi ta sojan ruwa, sai Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja wadda ta fara a 1992, ko cibiyar nazarin manufofin ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, ko makamantansu a ƙasashen waje. Ba tare da irin wannan babban kwas ɗin ba da wuya mutum ya ga tauraro a kafaɗarsa.

Sai dai takarda kaɗai ba ta isa ba, sojan ruwa dole ya sha ruwan teku. Ana duba ko ka yi zaman jirgi, ko ka taɓa zama mataimakin kwamandan jirgi, ko an taɓa damƙa maka jirgin yaƙi sukutum ka fita da shi ka dawo da shi lafiya da mutanen da ke ciki. Shi ya sa 'yan sashen tuƙi da yaƙi suka fi kaiwa can sama fiye da injiniyoyi da 'yan sashen kayan aiki. Bayan jirgi sai kwamandan sansani, sai ofis a hedikwata a Abuja, in Allah ya yi sai a ba ka ɗaya daga cikin manyan shiyyoyi, ta Yamma a Apapa ta Legas, ta Gabas a Kalaba, ko ta Tsakiya a Yenagoa. Aikin ma yanzu ba teku kaɗai ba ne, akwai farautar ɓarayin ɗanyen mai a lungunan Neja Delta, da 'yan fashin teku a mashigin Gini, har Baga a bakin Tafkin Chadi akwai sojan ruwa. Ka duba Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, ya shiga NDA a 1984 cikin kwas na 36, bai hau kujerar shugaban runduna ba sai Janairun 2021. Tafiyar fiye da shekara 30 ke nan.

To a nan ne lissafi ke tsayawa siyasa ta shigo, kuma doka ce da kanta ta buɗe ƙofar. Sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa, a matsayinsa na babban kwamandan askarawa, ikon naɗa shugaban sojan ruwa, kuma bai ce dole sai wanda ya fi kowa daɗewa ba. Abin da sashe na 18 na Dokar Rundunonin Soja ya ƙara shi ne sai Majalisar Tarayya ta tabbatar da naɗin. Shekaru aka yi ana take wannan sharaɗin, har sai da lauya Festus Keyamo ya kai ƙara, a 2013 Mai shari'a Adamu Bello na babbar kotun tarayya a Abuja ya yanke cewa naɗi ba tare da amincewar majalisa ba haramtacce ne. Tun 2014 zamanin Jonathan ake kai sunaye majalisa a tantance, duk da dai ni ban ga tantancewar na da wani haƙori ba, a rufe ƙofa ake yin mafi yawanta a fito a ce an amince.

Wa'adin kujerar, a HTACOS na 2017, shekara 2 ne da za a iya ƙara wasu 2. Amma Buhari ya riƙe shugaban sojan ruwa Ibok-Ete Ibas da takwarorinsa tun 2015 har 2021, majalisa ta yi ta kiran a sauke su bai kula ba, kuma duk wata ɗaya da suka ƙara akwai na ƙasa da su da shekaru ke korar su gida ba su samu dama ba. Tinubu kuwa ya naɗa Emmanuel Ogalla a Yunin 2023, ya maye gurbinsa da Idi Abbas, shi ma ɗan Kano, a Oktoban 2025.

Yanzu lambar kwas ɗin nan ta dawo. Idan aka ɗauko ɗan kwas na ƙasa aka ɗora, waɗanda ke gaba da shi ba za su zauna suna sara masa ba, don haka sai su ajiye kaki, a yi musu faretin bankwana. Wannan ba ya cikin tsarin mulki, al'ada ce ta kare ladabin soja, kuma akwai hikima a ciki domin umarni ba ya tafiya daidai idan wanda ya horar da kai jiya yana ƙarƙashinka yau. Wasu kaɗan akan tura su hedikwatar tsaro ko manyan kwalejoji inda za su kasance ƙarƙashin babban hafsan tsaro wanda ke gaba da su, amma guraben ba sa ɗaukar kowa. Ni dai a ganina asara ce babba, an kashe wa mutum kuɗin Jaji da Abuja da kwasa-kwasan waje, yana da sauran shekarun aiki da lafiyarsa, rana ɗaya sanarwa ta fito daga fadar shugaban ƙasa ya kwashe kayansa, kuma ba mutum ɗaya ba, jerin Riya Admiral ne ke tafiya tare. Gyaran kuma ba sai an taɓa tsarin mulki ba, shugaban ƙasa ne kawai zai rage tsallake kwas da yawa in zai yi naɗi, ko majalisa ta yi amfani da ikon da wannan sashe na 218 ya ba ta na yin doka a kan naɗi da ƙarin girma ta rubuta wa'adin a cikin doka yadda ba mai iya miƙar da shi.