Ma'anar Kalma: Rokabili, da Matar da Ake Kira Sarauniyarsa

Kwanan baya ina cikin motar haya daga Zariya zuwa Kano, direba ya kamo wata tasha da ke sa tsofaffin waƙoƙin Turawa da yamma. Aka saki muryar Don Williams, mai sanyin nan da iyayenmu suka saba ji a kaset, sai mai gabatarwa ya ce, "Masu sauraro, ga rokabili nan ku sha." Na ji abin har cikin raina. Don Williams bai taɓa zama mawaƙin rokabili ba, kiɗan kantiri yake yi, kuma irin mai natsuwar nan da ba ya ko ɗaga murya. Tun da aka fitar da fim ɗin rayuwar Elvis Presley a 2022 kalmar ta shiga bakin mutane. A TikTok da Instagram duk yarinyar da ta sa riga mai ɗigo-ɗigo ta ɗaure kai da jan ƙyalle sai a rubuta rokabili. A rediyo kuwa duk waƙar da ta tsufa, in dai Bature ne ya rera ta da jita, an lafta mata sunan.

Da boko ana rubuta ta rockabilly, kuma kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko rok, daga rok-an-rol, wannan kowa ya sani. Ta biyun ce ake tsallakewa, alhali a nan maganar take. Guntun hilbili ne. Kashin farko na hilbili yana nufin tudu, na biyu kuma Billy ne, sunan da ya cika gari a cikin talakawan Turawa. Wato kamar a ce "Tanko na kan dutse". Da shi mutanen birni a Amurka suke kiran fararen fata matalauta mazauna tsaunukan Apalaciya da Ozak, kuma ba yabo ba ne. Daidai yake da yadda ɗan birni a nan zai kalli mutum ya ce baƙauye, ko ya ce ɗan garinsu ya shigo da buhu a ka. Mutumin da ba takalmi, ba karatu, ga lafazin ƙauye a baki in ya yi Turanci, shi ne hilbili a idonsu.

Kamfanonin faifan garmaho suka ɗauki wannan zagi suka mai da shi sunan kaya. Tun daga shekarun 1920 suna raba faifansu gida biyu a kudancin Amurka: na hilbili don talakan Bature, da wanda suke kira faifan launin fata don baƙaƙe. Kanti ɗaya, kwali daban. Sai a 1949 mujallar Billboard ta sauya sunayen, na baƙaƙe ya koma ridim-an-buluz, na ƙauyawa ya koma kantiri. To amma mutanen da aka raba a kwali ba su rabu a gona ba. Auduga ɗaya suke tsinka, rana ɗaya ke dukansu, rediyo kuma ba ya tambayar launin kunnen da ke saurare. Ko banjo, kayan kiɗan da aka fi sanin hilbili da shi, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can, kuma duk wanda ya san gurmi ko molo zai ga dangantakar da idonsa. Carl Perkins, ɗaya daga cikin iyayen rokabili, ɗan masu noman haya ne a Tennessee, kuma wani dattijo baƙar fata mai suna John Westbrook, abokin aikinsu a gonar auduga, shi ya fara nuna masa yadda ake taɓa jita.

Don haka in na ji an ce rokabili "kiɗan Turawa ne zalla", sai in ga an share rabin tarihin da hannu ɗaya. Faifan da galibi ake ɗauka shi ne mafari, Elvis ya yi shi a watan Yuli na 1954 a situdiyon Sam Phillips da ke Memphis. Fuska ɗaya waƙar Arthur Crudup ce, mawaƙin buluz baƙar fata, ɗaya fuskar kuma ta Bill Monroe, Baturen Kentucky. Mutum uku ne kawai, ba ganga ko ɗaya: Elvis, da Scotty Moore a kan jitar lantarki, da Bill Black a kan ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa, wanda yake fizgar tsirkiyarsa tana marin katako, sai ta ba da sauti kamar tafi. Phillips ya ƙara wa muryar gajeriyar amsa-kuwwa ta hanyar wasa da tef. Wannan marin tsirkiya, da saurin kiɗan, da muryar da ke shaƙuwa tana katsewa, su ne alamar rokabili. In babu su, kira shi wani abu daban. Crudup kuwa ya rasu a 1974 yana ta bin haƙƙin waƙoƙinsa bai samu abin kirki ba, kuma ni dai ba na iya jin faifan nan ban tuna da haka ba.

Wanda rayuwarsa ta fi fayyace mini kalmar ba Elvis ba ne. Wata mawaƙiya ce mai suna Wanda Jackson, wadda ake kira Sarauniyar Rokabili. An haife ta a 1937 a wani ƙaramin gari mai suna Maud a jihar Oklahoma. Talauci ya kori iyalinta zuwa Kalifoniya tana ƙarama, a can mahaifinta ya saya mata jita, yana kai ta kallon mawaƙan kantiri irin su Bob Wills da Rose Maddox a wuraren rawa. Da suka komo Oklahoma City, tana 'yar makarantar sakandare ta samu ɗan shirinta a rediyo. Hank Thompson, babban mawaƙin kantiri, ya ji ta ya gayyace ta cikin ƙungiyarsa, kuma a 1954 ta yi faifanta na farko da ya shiga sahun goma na kantiri. Kun ga ke nan asalinta hilbili ce tsantsa, daga kiɗan har lafazi.

A 1955 aka haɗa ta yawon wasa da Elvis, lokacin bai gama zama abin da ya zama ba. Shi ya matsa mata ta gwada sabon salon, ita tana cewa ita 'yar kantiri ce kawai. Da ta koma kamfanin Capitol a 1956 sai ta riƙa yin abin da ya fi kowane ƙamus bayyana kalmar: faifai ɗaya, fuska guda kantiri, fuska guda rokabili. A wata waƙar ma, "I Gotta Know", cikin waƙa ɗaya take tafiya a hankali irin ta ƙauye, sai ta ɓalle da gudu, sai ta dawo. Muryarta tana da wani gurnani a maƙogwaro wanda a wancan zamani ba a yarda mace fara ta yi shi ba. Ta ajiye rigar kaboyi da hula, mahaifiyarta ta riƙa ɗinka mata riguna masu geza. A dandalin Grand Ole Opry na Nashville sai da aka sa ta rufe kafaɗunta kafin a bar ta hau.

Akwai abu biyu a tarihinta da nake so masu cewa kiɗan Turawa zalla su riƙe. Waƙar da ta ɗaga ta a Japan har ta kai ta ɗaya a can, "Fujiyama Mama", wata baƙar fata mai suna Annisteen Allen ce ta fara rera ta a 1955. Na biyu, a ƙarshen shekarun 1950 mai buga mata fiyano Big Al Downing ne, baƙar fata, suna yawo tare a lokacin da otal da gidan abinci da yawa a Amurka ba sa karɓar irinsa. Budurwa fara a gaba, baƙin saurayi a kan fiyano, a gaban jama'ar da doka ta koya musu raba ko da famfon shan ruwa. Wannan ƙarfin hali ne, kuma ina ganin ya fi rigar geza cancantar a tuna.

Zamanin rokabili bai daɗe ba. Kafin 1960 ya fara dusashewa a Amurka, ko da yake a shekarar ne waƙar Wanda Jackson mai suna "Let's Have a Party" ta shiga sahun arba'in na ƙasar, shekara biyu bayan ta naɗe ta. Ta koma kantiri, ta yi waƙoƙi da Jamusanci, sannan daga 1971 ta karkata ga waƙoƙin coci. Turawan Turai ne suka tono ta a shekarun 1980, lokacin da matasan Ingila da Sweden da Jamus suka farfaɗo da salon. A nan ne ma kalmar ta fara zama sunan ado, na tajin gashi da jaket ɗin fata da tsofaffin motoci, wanda shi ne ya iso wayoyinmu yau ba tare da kiɗan ba. A 2009 aka shigar da ita zauren girmamawa na rok-an-rol da ke Cleveland, a 2011 ta yi faifai da mawaƙin rok Jack White tana da shekara 73, ta daina yawon wasa a 2019, sannan ta fitar da faifanta na ƙarshe a 2021 tare da mawaƙiyar rok Joan Jett.

Ga mai gabatarwar da na ji a hanyar Kano, gwajin ba wuya. Ya sa Don Williams, sannan ya sa faifan Wanda Jackson na 1958 a bayansa, ya saurari tsirkiyar da gurnanin. Direbanmu ma da ya ji na biyun a wayata sai da ya rage gudu ya tambaye ni ko wannan matar baƙa ce.