Waiwaye: Kakar da Edo Queens ta ɗauki kofi, da doguwar hanyar gasar matan Najeriya

A watan Mayun 2024, a filin wasa na Samson Siasia da ke Yenagoa, ƙungiyar Edo Queens ta birnin Binin ta lashe gasar firimiyar mata ta Najeriya a karon farko a tarihinta, ƙarƙashin mai horarwa Moses Aduku. Ta yi hakan ne a gidan Bayelsa Queens, kuma a gaban Rivers Angels ta Fatakwal, wato ƙungiyoyi biyu da suka saba raba kofin a tsakaninsu. Wannan kaka ta 2023/2024 ta cancanci a waiwaye ta, domin a cikinta ake ganin ƙarfin gasar da kuma rauninta a lokaci guda.

Asalin gasar yana komawa ne zuwa shekarar 1990, lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta fara shirya wa ƙungiyoyin mata gasa a hukumance. Kafin nan, masu hannu da shuni da masu sha'awa ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi daga aljihunsu, kamar Jegede Babes ta Legas wadda Gimbiya Bola Jegede ta kafa, da Ufuoma Babes ta Warri. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi aka tattara 'yan wasan da suka wakilci Afirka a gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin a 1991. Shekara bakwai bayan haka Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar matan Afirka a Kaduna da Abeokuta, ta kuma ɗauki kofin. A gasar cin kofin duniya ta 1999, a Amurka, tawagar matan Najeriya, wato Super Falcons, ta kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe, inda Brazil ta fitar da ita da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. A wancan zamani kusan dukan tawagar a gida take wasa, kuma gasar cikin gida ce ta raine ta.

Da tafiya ta yi nisa, aljihun ɗaiɗaikun mutane ya gaza, sai gwamnatocin jihohi suka karɓi ragama. Pelican Stars ta Kalaba ta yi zamaninta a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, daga nan Delta Queens da Bayelsa Queens da Rivers Angels suka mamaye fage. Duk wanda ya duba jerin zakarun zai lura cewa kusan dukansu daga yankin Neja Delta suke, inda jihohi ke da kuɗin mai da kuma tsohuwar al'adar barin 'ya'ya mata su buga ƙwallo. Ƙungiyar da ta karya wannan layi daga arewa ita ce Nasarawa Amazons ta Lafiya, wadda ta ci kofin a 2013, ta sake ci a 2017. Kuɗin gwamnati ya hana gasar mutuwa, wannan gaskiya ce, amma ya ɗaure ta da sauyin siyasa: idan gwamna mai son wasanni ya hau, albashi ya fito a kan kari, idan wanda bai damu ba ya gaje shi, 'yan wasa su yi watanni suna jiran haƙƙinsu.

Rashin kuɗin ne kuma ya tsara yadda ake buga kakar. Maimakon kowace ƙungiya ta kara da kowace gida da waje har ƙarshe, ana raba su rukuni biyu domin rage tafiye-tafiye, sannan waɗanda suka yi fice su haɗu a gari guda a kammala. A 2017 zuwa 2019, zamanin da Aisha Falode ta fara shugabancin hukumar gasar, ƙungiyoyi huɗu ne ke zuwa wannan zagaye. Bayan annobar korona ta tsayar da wasanni a 2020, aka faɗaɗa shi zuwa shida, abin da ake kira Super Six: Rivers Angels ta ci a Ijebu Ode a 2021, Bayelsa Queens a Binin a 2022, Delta Queens a Asaba a 2023. A wannan zagaye kowace ƙungiya tana buga wasa biyar cikin kwanakin da ba su kai mako biyu ba, kuma wadda ta fi maki ita ce zakara. Ni a ganina tsarin yana da armashi ga 'yan kallo, amma yana da nauyi ga 'yan wasa. Aikin watanni yana rataya ne a kan 'yan kwanaki, ta yadda targaɗe guda a ƙafar mai tsaron gida zai iya rusa wahalar kaka ɗungurungum. Ga kuma tafiyar da ake yi kafin a kai nan: ƙungiyar da ta taso daga Yola zuwa kudu takan kwana a hanya cikin bas, 'yan wasa su sauka ƙafafu a kumbure, su ɗan motsa jiki da yamma, washegari su shiga fili.

Abin da ya ƙara wa kofin daraja shi ne gasar zakarun Afirka ta mata, wadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara a 2021 a Masar. Tun daga lokacin, wadda ta ci gasar gida ita ke wakiltar ƙasa, kuma a mafi yawan lokuta sai ta fara tsallake wasannin share fage na shiyyar WAFU B ta Yammacin Afirka, inda take haɗuwa da zakarun Nijar da Ghana da Benin da Togo da Burkina Faso da Kodebuwa. Rivers Angels ta fita tun a rukuni a 2021. Bayelsa Queens ta zo ta uku a Maroko a 2022. Delta Queens ba ta ma kai ga gasar ba a 2023, domin Ampem Darkoa ta Ghana ta tare mata hanya. Edo Queens kuwa ta ci shiyyar a 2024, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Maroko, inda TP Mazembe ta Kwango ta doke ta, ta kuma ƙare a matsayi na huɗu. Najeriya, wadda ta ɗauki kofin matan Afirka karo na goma a Rabat a Yulin 2025, ba ta ga ƙungiyarta ta ɗaga kofin zakarun nahiyar ba a waɗannan shekaru huɗu, alhali Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ɗauka sau biyu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da zarar yarinya ta yi fice, sai ta tafi. Asisat Oshoala ta taso daga FC Robo ta Legas zuwa Rivers Angels, ta wuce Liverpool a 2015, daga baya ta yi suna a Barcelona. Rasheedat Ajibade ta bar Robo zuwa Norway, sannan Atletico Madrid. Chiamaka Nnadozie ta bar Rivers Angels zuwa Paris FC a 2020. Ba wanda zai ga laifinsu, domin kowa yana neman inda guminsa zai biya shi. Sai dai a gasar cin kofin duniya ta 2023, 'yan wasan gida da ke cikin tawagar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, cikinsu har da Deborah Abiodun ta Rivers Angels, wadda ita ma ta tafi Amurka bayan gasar.

Ga mu 'yan arewa akwai wani gefen da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. In ka cire Nasarawa Amazons da Adamawa Queens da Confluence Queens ta Lokoja, da wuya ka ji sunan arewa a wannan mataki, kuma manyan garuruwan ƙwallo irin su Kano da Katsina, masu cika fili maƙil idan maza na wasa, ba su da wakilci a kakar 2023/2024. Batun sutura, wanda iyaye da yawa ke kawowa, an warware shi a dokar wasa tun 2014, lokacin da aka halatta rufe kai a fili, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta. Abin da ya rage shi ne filin atisaye mai tsaro, da mata masu horarwa waɗanda iyaye za su amince su damƙa musu 'ya'yansu, da gasar makarantu, da jihar da za ta ɗauki nauyin ƙungiya tun daga ƙaramin mataki na Nationwide, ta bi ta Championship, har ta hau firimiya.

Kakar da ta biyo baya ta mayar da kofin hannun tsofaffin masu shi: a Mayun 2025, a Ikenne ta jihar Ogun, Bayelsa Queens ta sake zama zakara, Nasarawa Amazons tana biye da ita.