Bakwaini ne ko tsumburewa ya yi? Waiwaye kan ƙiyasta makonnin ciki

Sikeli yana faɗin nauyin jariri, amma ba ya faɗin makonnin da ya yi a cikin uwarsa. An daɗe kafin a raba biyun. A 1919 likitan yara ɗan ƙasar Finland, Arvo Ylppö, ya kafa iyakar giram 2,500, kuma a 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki duk jaririn da bai haura hakan ba a matsayin bakwaini. Sai a 1961 ta gyara, da aka lura cewa da yawansu watanninsu sun cika, tsumburewa suka yi a ciki. Kulawar kuwa ta bambanta: bakwaini huhunsa ake ji wa tsoro, wanda ya tsumbure an fi sa ido kan sukarin jininsa.

Tsohon lissafi shi ne kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Wannan sai uwa ta riƙe ranar, ga kuma mai shayarwa da ciki ya shige ta ba ta ga jini ba, ba ta da ranar da za ta riƙe.

Shi ya sa aka koma karanta jikin jaririn. A 1970 likitoci Lilly da Victor Dubowitz suka fito da alamomi 21 a Ingila. Likitar jarirai Jeanne Ballard ta rage su zuwa 12 a 1979, ta sabunta a 1991 don ya haɗa da 'yan mitsi-mitsi. Za ka ga likita ya lanƙwasa kunnen jariri ya saki, yana jiran ya ga ko zai miƙe. Ya duba zanen tafin ƙafa, ya ja hannun ta kan ƙirji ya ga inda gwiwar hannu za ta tsaya.

Abin takaicin, awon ya fi kuskure a kan waɗanda aka fi buƙatarsa dominsu. Wani bincike a Amurka a 1999 ya nuna sabon ma'aunin Ballard yana ƙara wa jariran ƙasa da mako 28 mako ɗaya zuwa uku. Wanda ya tsumbure kuma akan rage masa. Jaririn da ke fama da numfashi jikinsa a sake yake, sai alamun ƙarfin tsoka da jijiya su ruɗar da mai dubawa. Kuskuren mako biyu a nan na iya sauya maganin da za a ba shi.

Sikanin a watanni ukun farko ya fi su duka, kuskurensa ba ya cika wuce kwana bakwai. Idan ciki ya tsufa, shi ma girma yake aunawa, sai ya ɗauki ɗan da ya tsumbure a matsayin wanda bai kai ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a yi shi sau ɗaya kafin mako 24.