Kiran destof da sunansa ta hanyar manhaja: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ake nufi da destof mai suna?

Kwamfuta ɗaya, allo ɗaya, amma fagen aiki da yawa. Ka tara tagogin rubutu a ɗaya, na wasiƙu a wani, ka riƙa juyawa tsakaninsu. Masu Linux sun daɗe da wannan, Apple ya kawo nasa a 2007 da sunan Spaces, Windows kuwa sai a 2015 da fitowar Windows 10. Damar raɗa wa kowane destof suna a Windows ta zo ne a 2020. Daga nan mutane suka fara son rubuta ɗan umarni da zai ce "kai ni destof ɗin Aiki", ko "tura wannan taga zuwa Karatu", ba sai an danna Win da Ctrl da kibiya sau uku ba.

To ai da sauƙi, tunda akwai suna, ko ba haka ba?

A nan gizo ke saƙar. Sunan don idonka aka yi shi, tsarin bai san destof da shi ba. Windows da doguwar lambar shaida ya san kowanne, wadda ake kira GUID. X11 kuwa, tsohon tsarin nuna tagogi a Linux, da matsayinsa a jere, yana fara ƙirga daga 0. Babu abin da zai hana mutum ya sa wa destof biyu suna ɗaya, ko ya bar wani ba suna, ko ya canza sunan da tsakar rana. Saboda haka aikin manhajarka mataki biyu ne: ta karanto jerin sunaye ta gano lambar da ta dace, sannan ta ba da umarni da lambar. Kuma ta sake dubawa kowane lokaci. Idan ta haddace cewa "Aiki" shi ne na 2, da zarar an goge na 1 ta ɓata hanya.

Me Windows ya yarda a taɓa?

Kaɗan ƙwarai. Ƙofar da Microsoft ya buɗe a hukumance ita ce IVirtualDesktopManager, kuma ayyuka uku take yi: ta faɗa maka ko taga tana destof ɗin da ake kai, ta ba ka lambar destof ɗin da taga take, ta matsar da taga zuwa wani. Ko wannan na ukun ma a kan tagogin manhajarka yake aiki, idan ka taɓa ta wani sai a ƙi. Ba ta lissafa destof, ba ta ƙirƙira, ba ta juyawa, ba ta karanta suna.

Sunayen suna cikin rajistar Windows, inda yake ajiye saitunansa, a ɓangaren mai amfani, ƙarƙashin Explorer\VirtualDesktops. Akwai VirtualDesktopIDs da ke jere lambobin, kowace bayit 16, sannan a cikin Desktops kowace lamba tana da Name idan an raɗa mata. Karantawa ba matsala. Rubutawa kai tsaye ban ba da shawara ba, domin Explorer, manhajar Windows da ke kula da destof ɗin, yana riƙe da nasa lissafin yayin da yake aiki.

Yaya wasu manhajoji suke yin abin da aka hana?

Ta ƙofar baya, IVirtualDesktopManagerInternal, wadda Explorer kansa ke amfani da ita. Tana yin komai, amma Microsoft bai yi wa kowa alkawari a kanta ba, kuma ya sha canza lambarta da tsarinta daga wannan sabuntawa zuwa waccan. Shi ya sa abin da ke aiki yau zai iya mutuwa bayan sabuntawar gobe. Idan don kwamfutarka ne kai kaɗai, bismillah. Idan za ka raba wa mutane, ka sa manhajar ta fara duba lambar fitowar Windows, ta tsaya da bayani idan ba ta san ta ba.

Na ga CreateDesktop tana karɓar suna. Ita ce?

A'a. Wannan tsohon abu ne daban, irin wanda allon shigar da kalmar sirri ke zaune a kai. Taga da aka buɗe a can ba ta ƙaura zuwa wani destof, kuma ba za ka gan shi a jerin destof da ke fitowa idan ka danna Win da Tab ba.

A Linux fa?

Ya danganta da manhajar da ke kula da tagogin. A X11 akwai yarjejeniyar EWMH: sunaye a _NET_DESKTOP_NAMES, wanda ake kai a _NET_CURRENT_DESKTOP. Umarnin wmctrl -d yana jero su, wmctrl -s 2 ya kai ka na uku. Yarjejeniyar ta yarda sunayen su fi destof ɗin yawa ko su gaza, don haka kada ka ƙirga sunaye ka ɗauka yawan destof ke nan. A Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, wmctrl ba ya ganin yawancin tagogi, sai ka bi hanyar kowane tsari: KDE yana da VirtualDesktopManager ta D-Bus, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo, GNOME yana ajiye sunaye a workspace-names da ake sauyawa da gsettings.

A cikin manhajojin kula da tagogi, wanda ya fi burge ni shi ne i3 da ɗan'uwansa Sway, domin a wurinsu sunan shi ne shaidar. Ka rubuta i3-msg workspace Aiki, idan akwai shi ya kai ka, idan babu ya ƙirƙira. Sai dai kuskuren harafi ɗaya ma sabon fage zai buɗe maka, wanda zai ɓace da ka bar shi ba taga.

Mac kuma?

Ba ya ba da suna kwata-kwata, lamba kawai yake sa musu, kuma babu hanyar hukuma da manhaja za ta bi ta ƙirƙira ko ta goge. Manhajar yabai tana liƙa musu laƙabi nata, amma wasu ayyukanta sai an sassauta wani ɓangare na kariyar tsarin da ake kira SIP. A kwamfutar wurin aiki, da wuya mai kula da ita ya yarda da hakan.